Tarihin Tabarau: Sana'ar da Idon Ɗan Shekara Arba'in Ya Haifa

Daga cikin sauye-sauyen da ke samun jikin ɗan Adam idan ya kai tsakiyar rayuwa, babu wanda ya kai raunin ganin kusa cika alkawari. Furfura takan yi wa wani sammako ta yi wa wani jinkiri, hawan jini da ciwon sukari sukan kama wasu su bar wasu, amma da wuya a sami wanda ya haura shekara 45 yana ganin ƙananan baƙaƙe yadda yake ganinsu yana ɗan 20. Abin yakan faro a hankali tsakanin shekara 40 zuwa 45. Mutum zai ga yana miƙa hannu yana nesanta takarda kafin rubutu ya fito masa, yana neman bakin ƙofa saboda haske, zura zare a kafar allura ya zame masa aiki, goshi kuma ya yi nauyi bayan ɗan karatu kaɗan. Duk da haka ganinsa na nesa yana nan daram, yana iya shaida mai tahowa tun daga ƙarshen layi.

Dalilin yana cikin ginin idon kansa. A bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi garai-garai mai laushi, wanda wata tsoka da ta kewaye shi take sa ya ƙara tudu idan za a dubi abu na kusa, ya baje idan an dubi nesa. Tun daga haihuwa madubin nan yake ƙara sababbin zaruruwa a bayansa, tsofaffin kuwa ba su da inda za su, sai su cushe a tsakiya. Da haka yake taurara shekara bayan shekara. Yaro ɗan shekara 10 yana ganin abu sarai a tazarar da ba ta kai santimita 10 ba. A wajen shekara 45 tazarar ta kai kusan santimita 30, a shekara 50 kusan rabin mita, a shekara 60 kuwa mita guda ko fiye, wato inda hannu ba ya kaiwa. Wannan ba cuta ba ce, kuma ba yawan karatu ke jawo shi ba. Yana samun malami kamar yadda yake samun makiyayi, sai dai malamin ne zai fara kuka da shi.

Nauyin al'amarin yana cikin lokacin da yake zuwa. Shekara arba'in zuwa hamsin ita ce ganiyar mai sana'a: hannunsa ya faɗa, ya san sirrin aikinsa, yana da yara a ƙarƙashinsa da iyali a wuyansa. A daidai nan ne ido yake janye wa mai kwafar littattafai, da maɗinki, da maƙerin zinariya, da mai rubuta lissafin fatake. Tsawon dubban shekaru babu abin da ake iya yi illa mai hali ya sa bawa ko ɗalibi ya karanta masa, marar hali kuma ya sauka daga aikin da ya fi ƙwarewa a kai. Sana'ar yin tabarau saboda waɗannan mutane aka fara ta, kuma kusan shekara 150 na farkonta su kaɗai take yi wa aiki.

Mutanen da sun lura da wasu abubuwa. Seneca, masanin Rumawa na ƙarni na 1 miladiyya, ya rubuta cewa ƙananan haruffa sukan ƙara girma idan aka dube su ta cikin ƙwallon gilashi mai cike da ruwa, amma abin ya tsaya a nan. Ginshiƙin ilimin sai a ƙasashen Musulmi aka kafa shi. A wajen shekarar 984 Ibn Sahl ya rubuta a Bagadaza yadda haske ke karyewa idan ya ratsa gilashi. Bayansa Alhasan ibn al-Haisam, haifaffen Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya wallafa Kitabul Manazir a juzu'i bakwai. Ya tabbatar da cewa haske daga abin da ake kallo yake shigowa ido, saɓanin masu cewa daga ido yake fita, ya kuma yi bayanin yadda yankin ƙwallon gilashi ke girmama abin da ke ƙarƙashinsa. An juya littafin zuwa Latin wajen shekarar 1200, malaman Turai suka ɗora a kansa. A 1267 Roger Bacon na Ingila ya faɗi a fili cewa irin wannan gilashi zai amfani tsofaffi da masu raunin ido. A zamanin kuma ana amfani da dutsen karatu, wato rabin dunƙulen gilashi ko farin dutse mai ɗaukar ido, ƙasansa a shafe samansa a tudu, ana ɗora shi a kan shafi ana jansa layi bayan layi. Yana taimakon mai karatu, amma ba ya yi wa mai rubutu ko mai ɗinki komai, domin ya zauna a kan wurin da alƙalami ko allura za ta bi.

Dabarar da ta sauya komai ita ce ɗaga gilashin daga kan takarda a kai shi gaban ido, a rage masa kauri, a kuma yi shi biyu. An yi haka a arewacin Italiya wajen shekarar 1286. Shaidar da aka fi dogara da ita wani wa'azi ne da Giordano na Fisa, malamin Kirista ɗan ɗariƙar Dominika, ya yi a majami'ar Santa Maria Novella da ke Fulorans a watan Fabrairun 1306. Ya ce ba a cika shekara 20 da gano fasahar yin tabarau ba, ya yabe ta a matsayin ɗaya daga cikin fasahohi mafi amfani a duniya, ya ce har ya ga wanda ya ƙago ta sun yi magana. Sunan mutumin ne bai faɗa ba. Littafin tarihin gidan ibadarsu na Fisa ya ƙara da cewa wanda ya fara yi ya ɓoye sirrinsa, sai wani ɗan'uwansu mai suna Alessandro della Spina, wanda ya rasu a 1313, ya gani ya kwaikwaya, ya kuma koya wa duk mai so da zuciya ɗaya. Tarihi ya riƙe sunan wanda ya raba ilimin, na wanda ya ɓoye shi ya ɓace. Daga baya, a 1684, wani marubucin Fulorans ya ƙirƙiro sunan Salvino degli Armati ya ce shi ne mai ƙirar, har aka yi ta maimaitawa a littattafai sama da ƙarni biyu kafin masu bincike su gano ƙage ne.

Benis ce ta fara sa wa sana'ar doka. Birnin ya riga ya shahara da gilashi, kuma tun 1291 aka mayar da matoyan gilashinsa tsibirin Murano. A dokokin ƙungiyar masu sassaƙa farin dutse na shekarar 1300 an ambaci faya-fayan ido, an kuma hana a yi su da gilashi a sayar da sunan dutse. A shekara mai bi aka halatta yin su da gilashi muddin an bayyana wa mai saye. Tun sana'ar tana jaririya, ke nan, algus ya riga ya shige ta.

Tabarau na farko ba shi da hannuwan da ke maƙalewa a kunne. Gilashi biyu ne, kowanne a cikin zoben katako ko ƙashi ko ƙaho mai ɗan mariƙi, aka haɗa mariƙan da ƙusa ɗaya, suna buɗewa suna rufewa kamar almakashi. Ana ɗora shi a karan hanci, ko a riƙe da hannu. A 1953, da ake gyaran gidan ibadar mata na Wienhausen a Jamus, an tsinci irinsa da dama a ƙarƙashin katakon daɓen inda suke zama suna karatu, sun faɗa ta tsaga tun ƙarni na 14 da na 15. Zane mafi tsufa da ya nuna mutum sanye da tabarau shi ne wanda Tommaso da Modena ya yi a bango a garin Treviso a 1352, na wani babban malamin coci yana rubutu. Malamin ya rasu kafin a ƙago tabarau, amma mai zanen ya sa masa domin a lokacin abin ya riga ya zama alamar ilimi da dattako. Ba kowa ne ya karɓe shi da murna ba. Mawaƙin Italiya Petrarch, wanda aka haifa a 1304, ya rubuta cewa ya daɗe da kaifin ido, sai bayan ya haura sittin ganin ya guje masa, dole ta sa ya nemi tabarau ransa ba ya so. Wannan jin nauyi na bayyana tsufa a fuska ya bi tabarau duk inda ya je.

A ƙarni na 15 Fulorans ta zama cibiyar sana'ar, kuma wasiƙun fadar Milan sun adana yadda cinikin yake. A 1462 sarkin Milan, Francesco Sforza, ya rubuta wa jakadansa a Fulorans ya aiko masa da dozin uku: ɗaya na ganin nesa don matasa, ɗaya na ganin kusa don manya, ɗaya na tsaka-tsaki. Wannan ya nuna cewa a lokacin an riga an iya yin gilashi mai kwarmi a tsakiya, wanda ke gyara idon da ba ya ganin nesa. A 1466 ɗansa Galeazzo Maria ya yi odar guda 200, kuma a takardar an jera na karatu bisa shekarun mai sawa, daga 30 zuwa 70, da tazarar shekara biyar-biyar. Masu sana'ar ba su san abin da ke faruwa a cikin ido ba, ba su da ma'aunin ƙarfin gilashi, amma yawan hulɗa da masu saye ya koya musu cewa raunin yana tafiya da shekaru a kan tsari, har ana iya tambayar mutum shekarunsa a miƙo masa abin da zai yi masa daidai ko kusa da daidai. Wannan ilimin kasuwa ne tsantsa, kuma da likitoci suka zo da awo bayan shekara 400 ba su rushe shi ba, gyara shi suka yi. Farashi ma bai fi ƙarfin talaka ba: na gama-gari bai kai ladan yinin magini ba, ko da yake masu kuɗi suna sa a yi musu da zinariya ko azurfa.

Injin ɗab'i da Gutenberg ya kafa a Mainz wajen 1450 ya ninka masu bukata. Littafi ya yi araha, baƙaƙensa sun ƙanƙance, masu karatu sun yawaita, kowannensu kuma zai kai arba'in in da rai. Biranen Jamus, musamman Nuremberg da Regensburg, suka shiga yin masu araha da yawan gaske. Nuremberg ta tsara wa masu sana'ar dokoki a 1535, kuma a ƙarni na 17 ta cika kasuwannin Turai da wani iri da ake lanƙwasawa da waya guda ɗaya. 'Yan koli ne ke yawo da su gari-gari a cikin akwati tare da allura da madubi da mataji. Mai saye ya zauna ya yi ta gwadawa har ya dace da wanda ya fito masa da rubutu.

Likitocin zamanin ba su ɗauki abin da daraja ba. Georg Bartisch na Dresden, wanda ya wallafa babban littafi kan cututtukan ido a 1583, ya shawarci mutane su guji tabarau su nemi magani. Wanda ya fara rubuta littafi sukutum kan yadda ake zaɓar gilashi ba likita ba ne: Benito Daza de Valdés ne, wani ma'aikacin kotun coci a Sifen, a 1623, kuma shi ma ya kawo jadawalin ƙarfin gilashi bisa shekaru. Sifaniyawa ne kuma suka yawaita ɗaure tabarau da zare a bayan kunne, kamar yadda ake gani a zanen da El Greco ya yi wa wani babban malamin coci wajen 1600. A Landan masu sana'ar sun sami takardar izinin sarki ta kafa ƙungiyarsu a 1629, da ikon bincika shaguna su farfasa kayan da ba su da inganci. Sandunan gefe masu kama kai sai wajen 1727 suka bayyana a Landan, ana danganta su da Edward Scarlett, wato an yi kusan shekara 440 ana fama da abin da ke zamewa daga hanci kafin a kai ga wannan 'yar dabara.

Fatauci ya kai tabarau gabas tun da wuri. Mawaƙin Farisa Abdurrahman Jami, wanda ya rasu a 1492, ya ambaci gilashin Turawa da yake taimakon idonsa a tsufansa, kuma akwai sanannen zanen da ke nuna gwanin zane na Isfahan, Rida Abbasi, yana aiki da tabarau a hanci. Tabarau ya isa ƙasar Sin a zamanin daular Ming ta hanyar jiragen ruwan da ke bi ta Malaka, ya isa Japan a tsakiyar ƙarni na 16.

Daga shagon masu tabarau ne kuma madubin hangen nesa ya fito. Hans Lipperhey, mai wannan sana'a a Middelburg ta ƙasar Holan, shi ya nemi a yi masa rajistarsa a 1608, Galileo ya ji labari ya ƙera nasa a 1609 ya juya shi sama.

Bayanin yadda tabarau ke aiki ya zo ne bayan an shafe fiye da shekara 300 ana sa shi. A 1604 Johannes Kepler ya nuna cewa hoton abin da ake kallo yana sauka ne a kan tantanin da ke bangon bayan ido, kuma aikin gilashi shi ne ya matso da hoton ko ya tura shi har ya faɗa daidai wurin. A ƙarshen ƙarni na 18 Thomas Young ya nuna cewa madubin cikin ido ne ke sauya siffa, Hermann von Helmholtz ya fayyace yadda tsokar ke yin aikin a 1855, bayan ya ƙera na'urar leƙa cikin ido a 1851. Wanda ya tattara komai ya mayar da shi ilimin asibiti shi ne Franciscus Donders na Utrecht. A littafinsa na 1864 ya auna idanun mutane masu shekaru daban-daban, ya zana yadda ƙarfin ganin kusa ke sauka tun daga ƙuruciya, ya kuma raba abubuwa biyu da aka daɗe ana cakuɗawa: idon da aka haifa gajere, wanda ke wahalar da yaro ma, da idon da shekaru suka taurara wa madubi. Abokin aikinsa Herman Snellen ya fito da allon haruffan gwaji a 1862, wanda har yau ake rataye shi a asibitoci. Saura ma'auni. A da ana lambanta gilashi da inci, incin Faransa kuwa daban yake da na Ingila da na Jamus. A 1872 Ferdinand Monoyer ya kawo shawarar diyofta, wadda aka gina a kan mita, aka karɓe ta a 1875. Ita ce lambar da ake gani a jikin tabaran karatu: galibi +1.00 a farkon shekarun arba'in, wajen +2.00 a shekara hamsin da 'yan kai, +2.50 zuwa +3.00 a wajen sittin, inda abin yake tsayawa domin madubin ya gama taurara.

Akwai wata wahala ta daban ga wanda dama yana sa gilashin nesa, sannan shekaru suka ƙara masa bukatar na kusa. Benjamin Franklin na Amurka ya bayyana maganinta a wata wasiƙa ta 1785, yana zaune a Faransa: ya sa an yanka gilasansa biyu rabi-rabi an haɗa a zobe ɗaya, na nesa a sama na kusa a ƙasa. Ya ce hakan ya ba shi damar ganin abincin gabansa da kuma fuskar mai yi masa magana, abin da ya taimake shi fahimtar Faransanci. Layin da ke raba gilashin biyu ya zauna har 1959, lokacin da injiniyan Faransa Bernard Maitenaz ya fito da Varilux, gilashin da ƙarfinsa ke ƙaruwa sannu a hankali daga sama zuwa ƙasa. Wani ɓangare na karɓuwarsa, ban da sauƙin gani, shi ne ya ɓoye layin da ke tona shekarun mai shi.

Ƙarni na 19 ya fitar da aikin daga hannun ɗaiɗaikun masu gogewa ya kai shi masana'anta. A Rathenow ta Jamus, Johann Duncker ya yi rajistar injin da ke goge gilasai da yawa a lokaci ɗaya a 1801. Gwajin ido ya zama sana'a mai lasisi, jihar Minnesota ta Amurka ta fara yi mata doka a 1901. Yawan bukatar da ke kwance a cikin jama'a bai fito fili ba sai da Birtaniya ta buɗe hukumar lafiya ta kyauta a 1948: miliyoyin mutane suka yi layin tabarau, jira ya kai watanni da yawa, aka gane cewa talakawa da dama sun shekara suna aro ko suna amfani da na mamatansu. Kuɗin ya yi wa gwamnati yawa har ta sa a riƙa biyan wani kuɗi a kan tabarau da haƙoran roba a 1951, ministan da ya kafa hukumar, Aneurin Bevan, ya ajiye aiki saboda haka. Daga ƙarshen shekarun 1940 roba mai haske ta fara maye gurbin gilashi, yau kuma kaso mai yawa na abin da duniya ke sawa daga ƙasar Sin yake fitowa, musamman garin Danyang.

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin kayan biranen da suka riƙe wannan sana'a. Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya lissafa abin da ayari ke kawowa ta hamada, ciki har da duwatsun ado na Benis, da allurai da madubai na Nuremberg, da takarda mai tambarin wata uku wadda malamai ke rubutu a kanta. Amma tabarau bai zama kayan kowa ba sai a ƙarni na 20, ta hanyar kantuna da asibitoci da alhazai. Kafin nan, da ma bayan nan a wurare da yawa, jama'a sun rayu da abin ta hanyar jingina da na ƙasa: tsohuwa ta kira jika ya zura mata zare, malami ya sa almajiri ya ja baƙi shi yana gyara masa da ka, mai ɗinkin hula ko aikin babbar riga ya bar wa yaransa ƙananan ɗinki ya koma yanka da ciniki. Haddar da malamai suka yi tun suna yara ta rufa wa da yawansu asiri. Kwalli da tozali suna da matsayinsu a ado da al'ada, sai dai ba sa taɓa madubin da ya taurare. Asibitin ido da mishan ta Sudan Interior Mission ta buɗe a Kano a 1943, wanda yanzu ake kira asibitin ido na ECWA, ya zama wurin da ake zuwa daga nesa har da ƙasashen maƙwabta. Daga baya aka sami Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, a 1989 kuma Nijeriya ta kafa hukumar rajistar masu gwajin ido da masu haɗa tabarau.

Duk da haka yawancin masu saye a yau a hannun 'yan tebur suke saye, a kasuwa ko tasha ko bakin masallacin Juma'a, suna gwadawa da shafin littafi ko da rubutun waya, daidai yadda ake yi a gaban 'yan kolin Nuremberg. Wayar hannu ta ƙara yawan masu bukata, domin wanda bai taɓa damuwa da littafi ba yanzu dole ya karanta lambar asusu da saƙon kuɗi. Wannan ciniki bai cancanci raini ba. Ga wanda idanunsa biyu suke daidai kuma ganinsa na nesa lafiya lau, tabaran tebur yana biyan bukata, kuma ba ya lalata ido. Zancen da ake yi cewa wanda ya fara sawa idonsa ƙara mutuwa yake yi ya samo asali ne daga ganin ana sauya lamba duk bayan 'yan shekaru, alhali madubin zai ci gaba da taurara ko an sa ko ba a sa ba.

Haɗarin yana wani wuri. Shekarun da ganin kusa ke raguwa su ne kuma shekarun da hawan jinin ido, da yanar ido, da ɓarnar da ciwon sukari ke yi wa tantanin ido suke fara shigowa, kuma mai tebur ba shi da abin gano su. Hawan jinin ido ya fi tsanani da saurin kamu a tsakanin baƙar fata, yana cin gani daga gefe ba tare da ciwo ba, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007, a kan mutane fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama, ya sami kashi 4.2 cikin 100 makafi ne, adadin ya fi yawa a arewa maso gabas, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na makantar ana iya kauce mata ko magance ta. Yanar ido ce kan gaba da kashi 43 cikin 100, hawan jinin ido na biye da kusan kashi 17. Binciken ya kuma nuna yadda kwantar da yana irin na gargajiya, inda ake soka tsinke a tura madubin da ya yi fari zuwa cikin ido, yake da yawa a lokacin, kuma mafi yawan idanun da aka yi wa haka ba su tsira daga makanta ba. Shi ya sa likitocin ido ke son duk wanda ya kai arba'in ya mayar da sayen tabaransa na farko dalilin zuwa a auna masa ido gaba ɗaya. Haka nan dattijon da ya daɗe da tabarau sai kwatsam ya ga yana karatu babu shi, sau da yawa alamar yana ce ta fara, ba dawowar ƙuruciya ba.

Bayan fiye da shekara 700 da ƙago shi, tabaran karatu bai kai ga kowa ba. Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo a rahotonta na 2019 ta nuna mutum biliyan 1.8 ne ke da raunin ganin kusa na shekaru, miliyan 826 daga cikinsu ba su da tabarau ko nasu bai dace ba. A yammaci da gabashi da tsakiyar Afirka waɗanda ba su samu ba sun haura kashi 80 cikin 100, a ƙasashe masu arziki kuwa ba su kai kashi 10 ba. An auna abin da rashin ke ci a aljihu. Gwajin da aka yi da masu tsinkar ganyen shayi a jihar Assam ta Indiya, wanda aka buga a 2018, ya nuna waɗanda aka ba tabarau sun ƙara yawan abin da suke tsinka da kusan kashi 22 cikin 100, waɗanda suka haura shekara 50 kuma da kusan kashi 32. Wani gwajin a karkarar Bangladesh, da aka buga a 2024, ya sami ƙarin kuɗin shiga na kusan kashi ɗaya cikin uku. A 2021 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da burin ƙara maki 40 cikin 100 a kan adadin masu samun gilashin da ya dace da su kafin 2030, a 2024 kuma hukumar ta ƙaddamar da shirin SPECS 2030, wanda ya ƙunshi kai gwajin ido ƙananan asibitoci, da horar da ma'aikata, da wayar da kan jama'a, da rage farashi, da bin diddigin adadin waɗanda suka samu.